Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Tare Wa Intanet Hanya A Cikin Gida?

A wannan mako jakar tamu ta cika da kuka iri ɗaya, kuma yawancinsa daga Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ya fito, watau daga Samaru da Bomo da Hayin Dogo da Palladan da cikin kasuwar Sabon Gari ita kanta. Kukan kuwa a kan ɗan akwatin nan ne mai raba intanet a gida ko a shago, wanda ake kira rauta, da ƙaramarta ta aljihu da ake ce wa maifai. Mun zaɓo wasiƙu uku, domin idan aka amsa su to an amsa sauran.

Ta farko daga wani dattijo ce, manomi a Bomo. Ya ce ɗansa da ke aiki a Kaduna ya sayo masa rauta domin su riƙa gaisawa ta hoto, shi kuma ya riƙa jin farashin masara da waken soya a kasuwannin Giwa da Maƙarfi kafin ya buɗe rumbu. Ya ce ya adana ta a cikin kabad na ƙarfe a ɗakinsa saboda gudun ɓarnar jikoki. A ɗakin nasa tana ɗan taɓukawa, amma da an shiga sashen matan gida sai ka ce babu ita. Yana tambaya, shin jabu aka sayar wa yaron?

To Baba, muna gaisuwa, kuma da wuya a ce jabu ce. Bari mu soma da abin da ka riga ka sani. Wannan akwati rediyo ne, ba wani abu ba. Ka tuna shekarun 1980 da 1990 lokacin da ake kama Rediyon Nijeriya Kaduna a gajeren zango, mita 49, yadda kake zaro eriya, ka juya akwatin gabas ka juya yamma, wani lokaci sai ka fito tsakar gida kafin murya ta washe. To wannan ma haka take, sai dai ita tashoshi biyu ne a ciki ɗaya. Da hannu ɗaya tana kamo sabis daga ƙarfen kamfanin waya da ke can nesa, ta hanyar layin da aka sa mata. Da ɗaya hannun kuma tana watsa abin da ta kamo zuwa wayoyin gida, wannan shi ake kira Wi-Fi, sunan da aka raɗa masa a shekarar 1999. Saboda haka tafiya biyu ce: daga ƙarfen sabis zuwa rauta, sa'an nan daga rauta zuwa wayarka. Kowace tafiya da irin ƙayar da ke kan hanyarta, kuma wanda bai rarrabe su ba sai ya yi ta zagin kamfani alhali matsalar tana cikin ɗakinsa, ko kuwa ya yi ta canza wa akwati wuri alhali matsalar tana can bakin titi.

Bambancinsa da rediyon da ka saba kuwa shi ne tsawon zango. Na Kaduna mita 49 ne, shi ya sa yake tsallake jihohi. Na Wi-Fi santimita 12 ne kacal, bai kai tsawon biro ba, kuma ƙarfin da rauta ke watsa shi ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai na ƙaramar tocila ba. Abu mai wannan ƙanƙanta abubuwa uku ne manyan abokan gabarsa: ƙarfe, da ruwa, da katanga mai kauri. Ƙarfe yana mayar da shi baya kamar yadda madubi ke mayar da haske. Ruwa yana shanye shi. Katanga kuwa tana rage masa ƙarfi gwargwadon kaurinta, kuma ginin ƙasa irin namu na tubali, wanda ake yi wa gindi mai faɗi, ya fi na bulo mai rami ci, balle da damina idan ya sha ruwa. Kai kuwa Baba ka kulle ta a kabad na ƙarfe, cikin ɗakin ƙasa, ƙarƙashin rufin kwano, ƙila ma ƙyauren ɗakin na ƙarfe ne. Ai ta yi ƙoƙari da har take kai maka gado.

Ga abin yi, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba. Ka fito da ita daga kabad. Ka duba gidan naka, ka ga ɗaki ko rumfar da ta fi zama tsakiya, wadda ƙofarta ko tagarta ke kallon tsakar gida. A kafa ɗan katako a bango, sama da kan mutum yana tsaye, a ɗora ta a kai. Jikoki ba za su kai gare ta ba, ita kuma ta samu sarari. Kada a sa ta a ƙasa, kada a manna ta da kwanon rufi, kada a ajiye ta bayan talabijin ko kan firji, kuma a nisanta ta da randa da duro da tankin ruwa. Buhunan hatsi da aka jera har sama su ma katanga ce. Idan tana da 'yan eriyoyi kamar ƙaho, a miƙar da su tsaye, domin a kewaye take watsawa kamar yadda fitila ke haska ɗaki. A taƙaice dai ka ɗauke ta tamkar fitilar ƙwai: inda za ka rataye fitila ta haska kowane sashe, nan ne wurinta.

Sai dai fa kada a manta da ɗaya hannun. Wurin da ya dace da matan gida dole ne kuma ya zama sabis yana isowa. Ka sa yaro ya ɗauki waya mai layi irin na cikin rautar ya zagaya gidan a hankali, yana tsayawa kamar minti ɗaya a kowane wuri, yana duba sandunan sabis da kuma alamar 4G. Galibi za a tarar tagar da ke fuskantar inda ƙarfen sabis yake ta fi ko'ina. Idan kuma gidan babba ne mai sassa uku ko huɗu, gaskiya rauta ɗaya ba za ta wadatar ba. Akwai 'yar na'urar da ake sayarwa mai maimaita Wi-Fi, amma mu dai ba mu cika yaba ta ba, domin irin mai araha tana raba saurin kusan biyu, tunda da baki ɗaya take karɓa take kuma bayarwa, kuma mutane kan kai ta can inda sabis ya riga ya mutu, alhali a tsakiyar hanya ya kamata ta zauna. Abin da ya fi shi ne a ja wayar kebul daga rauta ta farko zuwa ta biyu a ɗaya sashen. Wannan waya tana iya tafiyar mita 100 ba tare da ta gaji ba, kuma katanga ba ta dame ta ba.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce, mai sayar da taki da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari, kuma yana da na'urar POS. Ya ce tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 rabin cinikinsa ya koma ta waya. Shagonsa kwantena ce. Da safe komai lafiya, amma daga hantsi zuwa la'asar sai na'urar ta yi ta juyi, har ya kai ga an cire wa wani manomi kuɗin buhu huɗu na taki, shi kuma bai ga shigarsu ba, aka yi ta sa-in-sa a gaban jama'a, kuma tun ranar mutumin bai sake tako shagon ba. Ya ce ana ta ba shi shawara ya sayi busta.

Ranka ya daɗe Alhaji, taka ta fi ta Baba nauyi, domin mutunci da amana ne a ciki. Kwantena dai tukunyar ƙarfe ce mai murfi, saboda haka mataki na farko shi ne na'urar ta dawo bakin ƙofa, a sama, inda take ganin waje. Amma yadda ka ce da safe lafiya lau, sai rana ta ɗaga abin ya lalace, wannan ya nuna mana cunkoso ne, kuma cunkoson iri biyu ne.

Na farko a cikin layinku yake. Wi-Fi yana da manyan zanguna biyu da aka fi amfani da su, wanda ake rubuta wa 2.4 da wanda ake rubuta wa 5. Shi 2.4 ya fi nisan tafiya, ya fi ratsa bango, amma ɗan siririn titi ne, kuma hanyoyi uku ne kawai a cikinsa da ba sa taka juna, watau lamba 1 da lamba 6 da lamba 11. To ka ƙirga shagunan da ke layinku, kusan kowa da maifai ɗinsa, ga yaran shago kowa ya kunna rabon data a wayarsa, ga amsa-kuwwar Bluetooth na masu sayar da kaset ɗin zamani, ga kyamarorin tsaro marasa waya, dukkansu a kan wannan zango suke. Ka'idar Wi-Fi kuwa ita ce na'ura ba ta magana sai ta ji an yi shiru. Idan na'urori talatin suka taru a hanya ɗaya, kowace sai ta jira, kamar dai yadda motoci ke yi a Kwangila ranar da tirela ta lalace.

Maganinsa, idan rautarka tana da zango 5 kuma na'urar POS ɗin tana kama shi, to ka koma can. Tafiyarsa gajeriya ce, bango ɗaya ko biyu ya gaji, amma ai shagonka bai fi taku biyar ba, kuma wannan gajartar ita ce alherinsa, domin na maƙwabta ba ya isowa gare ka da ƙarfi. A nan bari mu yi wani gyara da ya zama dole: wannan 5 ɗin daban yake da 5G da kamfanoni suka soma kawowa Nijeriya a 2022. Shi 5G tsakanin ƙarfen sabis ne da na'ura, wannan kuwa cikin ɗaki ne. Suna ne ya zo ɗaya, kuma mun ji wasu masu sayar da kaya na fakewa da wannan su ƙara kuɗi. Idan kuma rautar 2.4 kaɗai gare ta, to a juya bayanta, akwai takardar da aka manna mai ɗauke da wasu lambobi da ke farawa da 192.168, da sunan shiga da kalmar sirri. Yaro mai ilmin waya ya rubuta su a wayarsa ya shiga ciki, ya gwada lamba 1, ya gwada 6, ya gwada 11, a tsaya kan wadda ta fi sauƙi. A yi gwajin da tsakar rana lokacin da kasuwa ta cika, gwajin asuba ba zai nuna komai ba.

Cunkoso na biyu a kan ƙarfen sabis yake, kuma wannan ya fi ƙarfinka. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kamar rijiya ce da masu guga. Mutanen Samaru sun san wannan sarai: idan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna hutu sai intanet ya yi ta gudu, da sun dawo, musamman bayan isha'i, sai a koma rarrafe, alhali sandunan sabis a cike suke. Sanduna ƙarfin muryar ƙarfen kawai suke nunawa, ba su faɗin yawan waɗanda ke layi. Yadda za ka gane kuwa, ka tsaya dab da rautar da wayarka. Idan a nan yana gudu amma a can ƙuryar shago ba ya yi, matsalar ta cikin gida ce. Idan ko a gabanta ma ba ya motsi, cire layin ka sa a waya ka fita waje. In har yanzu shiru, to daga kamfani ne. Shawararmu ga duk mai karɓar kuɗin jama'a ita ce ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, kuma ya hana yaran shago kallon bidiyo a kan rautar da POS ke amfani da ita. Saƙon kuɗi ɗan mitsitsi ne, bidiyo ɗaya sai ya tare masa ƙofa.

Wani lokaci ma abin ya wuce Zariya baki ɗaya. Ƙarafan nan da wayoyin gilashi aka haɗa su a ƙarƙashin ƙasa, masu aikin hanya ko masu haƙa kwalbati kan tsinke su, ga kuma yankewar wuta da tsadar man dizal da ake ba injinansu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe, har bankuna suka shiga wahala na kwanaki. A irin wannan rana ko ka hau kan kwantena da rauta a hannu ba abin da zai sauya, sai dai ka gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya miƙo kati.

Batun busta kuwa, Alhaji a yi hattara. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gargaɗi a 2021 cewa kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa irin wannan na'ura mai ƙara ƙarfin sabis, domin ta kasuwa tana yi wa ƙarfen ihu ne a kunne, kai ka ɗan samu, maƙwabtanka su rasa. Abin da ya halatta kuma yake aiki shi ne rauta mai eriyar waje, wadda ake ɗaurawa a kan sanda sama da rufi a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, waya ta sauko cikin shago. Kamfanonin da kansu suna sayar da irinta. Idan kuma ka kai kuka ga kamfaninka ta lamba 300 ba a share maka hawaye ba, lambar hukumar ta karɓar ƙorafi ita ce 622, kyauta ake kira, sai dai ka riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka, za a tambaye ka ita.

Ta uku daga wata Hajiya ce a Hayin Dogo, mai sayar da atamfofi da turaren wuta ta WhatsApp. Ta ce datar wata guda ba ta kai mata kwana goma, kuma da dare ko hoton atamfa ɗaya ba ya tafiya. Ga shi tun da aka yarda wa kamfanoni ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 abin ya zama mata nauyi. Ta ƙara da tambayar ko gaskiya ne kwana kusa da rauta yana jawo ciwo.

Hajiya barka da sana'a. Mu dai zarginmu ba a kan akwatin yake ba, a kan yawan hannayen da ke cikin akushin yake, kuma Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Unguwarku unguwar ɗalibai ce. Kin ba ɗanki kalmar sirri, shi ya ba abokinsa, abokin kuma ba ya ma bukatar faɗa, wayoyin yanzu suna nuna wani ɗan zane mai murabba'i wanda wani zai ɗauka da kyamara ya shige. Kafin mako guda rabin layi na sha daga randarki. Idan aka shiga cikin rautar ta lambobin nan da muka gaya wa Alhaji, akwai shafin da ke jera duk wayoyin da ke kanta a lokacin. Ki ƙirga na gidanki, ki ga saura. Sa'an nan a canza kalmar sirri, a sa mai tsawo, haruffa da lambobi a gauraye, ban da lambar wayarki, ban da sunan autanki, ban da 12345678. A zaɓi kulle mai suna WPA2, ko WPA3 idan akwai, a kashe wani maɓalli mai suna WPS. Ita ma kalmar shiga cikin rautar a canza ta, domin da yawa da kalma iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta, kuma yaran sun san ta. Ki karɓi wayoyin gida ki sa musu da hannunki.

Akwai kuma ɓarayin cikin gida, su ne wayoyin da kansu. Waya idan ta ji Wi-Fi ɗauka take kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajojinta, tana kwashe hotuna tana turawa ma'ajiya, WhatsApp kuma yana sauke duk bidiyon da aka jefo a zauren dangi da na 'yan kasuwa ko ba ki buɗe ba. A shiga saitin kowace waya a hana saukar da bidiyo sai an taɓa, a kuma nuna mata cewa wannan Wi-Fi na awo ne. Wannan kaɗai kan ba mutane mamaki. Layin da ke cikin waya kuwa, *323# ne ke nuna ragowar data a duk kamfanoni tun 2023.

Game da ciwo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa babu wata gamsasshiyar hujja da ke nuna raunanan igiyoyin nan na cutar da mutum. Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne batir. Maifai da aka bari a caji dare da rana, ƙarƙashin matashi, a zafin Maris da Afrilu, batirinta kan kumbura, kuma kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Idan kika ga murfin bayanta ya ɗago, a daina amfani da ita sai an canza shi. Zafi ma yana sa ta rage sauri ko ta riƙa mutuwa da kanta, don haka a sa ta inda iska ke ratsawa, kada rana ta doke ta ta taga, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga 'yan ramukanta.

Saura batun wuta, wanda ya shafi ku duka uku. Rauta tana son cajarta ta asali. Idan ta ƙone a nemo mai lambobi daidai da na tsohuwar, yawancinsu bolt 12 ne, amma a karanta a tabbatar, domin araha ba ta ado, caja mara ƙarfi ita ke sa fitilun rauta su yi ta ƙiftawa tana sake tashi. Akwai ɗan batir da ake sayarwa musamman don rauta, yana riƙe ta sa'o'i idan an ɗauke wuta, masu sola kuma abin ya zo musu da sauƙi tunda cinta kaɗan ne. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya a zare ta daga soket, musamman mai eriya a kan rufi. Idan kuma ta daskare haka kawai, a kashe ta, a ƙirga talatin, a kunna. Amma kada a soka tsinke a ɗan ramin nan na bayanta sai da dalili, domin yana goge duk saitin da aka yi, har da sabuwar kalmar sirrin Hajiya.

Masu tambaya a kan Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a watan Janairun 2023, mun ga wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Baba na Bomo kuma muna jiran labari bayan an kafa katakon.